Ranar da Orval Ya Kai Goɗiya Gidan Rediyo

In da ana sayar da cika baki a kasuwa, da Orval Pruitt ya fi kowa arziki a garinmu Tolliver. Shi ne ya ce a bar masa agogon coci ya gyara, agogon ya shekara yana tafiya da baya. Shi ne ya rantse wa maƙwabcinsa zai kore masa ɓeraye da wani haɗin hayaƙi, ɓerayen suka zauna lafiya, mutanen gidan suka yi ƙaura. Duk da haka ba mai ƙinsa, don mutum ne mai sakin fuska, kuma Allah ya rufa masa asiri da matarsa Lenora, mace mai haƙuri da harshe kamar reza.

Su biyun ke yin wasan ban dariya a ɗan gidan rediyon garin kowace Asabar da yamma, sunan shirin "Ni da Mai Ɗakina". Shi ke fitowa a matsayin miji mai kwaɓa, ita matarsa. Lenora ke rubuta wasan, kuma ba ta taɓa shan wahalar neman labari ba, zama kawai take yi a gida ta buɗe ido.

Zamanin yaƙi ne, ana ta kwashe maza zuwa soja. Rannan sai kira ya zo kan Virgil, mai yi musu ƙararraki. Shi ke buga ɓawon kwakwa a kan katako a ji doki na tafiya, ya murza takardar alewa a ji ƙwai na soyuwa, ya zuba shinkafa a kan fallen kwano a ji ruwan sama. Ya tafi ya bar musu akwatin tarkacensa. A makon nan kuma Mista Kessler, shugaban gidan rediyon, ya kira su ofis fuskarsa ba walwala.

"Madam Halvorsen za ta zo da kanta ranar Asabar," in ji shi. "Kun san kamfanin fulawarta ne ke ɗaukar nauyin shirin nan. Ɗan ƙanwarta ya haɗa ƙungiyar masu busa, yana ta yi mata naci ta ba su lokacinku. In wasan bai yi mata ba, shi ke nan, na Asabar ɗin nan ne na ƙarshe."

Duk duniya ba abin da Orval yake so kamar shirin nan. A nan ne kaɗai yake yin kwaɓa a tafa masa. Amma bakinsa ya riga hankalinsa tashi.

"Mista Kessler, kwantar da hankalinka. Ƙararraki ka bar su a hannuna."

"Hannunka?" Kessler ya dubi Lenora.

"Kada ka dube ni," ta ce. "Ni aurensa kawai na yi."

A hanyar gida Orval ya baje mata shirinsa. Ya ce abin da ya daɗe yana ci masa rai shi ne yaudarar Virgil. Mace mai hankali kamar Madam Halvorsen ta zo ta tarar da ƙato yana buga ɓawon kwakwa, ai raini ne. Shi komai na gaske zai kawo. Wasan makon nan ba labarin miji da mata ba ne da suka rasa fetur suka tafi gaida goggo a keken doki? To, zakaran asuba na gaske, ƙwan karin kumallo na gaske a kan wuta ta gaske, doki na gaske, ruwa na gaske.

"Gani ya kori ji, Lenora!"

"A rediyo?"

"Ko'ina ma."

"Orval, Virgil ya gwada ƙwai na gaske tun kafin ka san hanyar gidan nan. Makirufo ba ya jinsa."

"Ƙwan Virgil ke nan. Ba ki ga nawa ba."

"Na ga naka. Ni ke kankare kaskon."

Bai kula ta ba. Washegari ya ari zakara wurin maƙwabciyarsu Opal Dietz, wadda ta ce in gashinsa ɗaya ya faɗi sai ta fige na kan Orval, ko da yake saura kaɗan ne. Ya ɗauko rishon da suke zuwa kamun kifi da shi, da butar ban ruwan furannin Lenora. Doki ne ya ba shi wuya, don na manoma duk suna gona. Daga ƙarshe ya dira gidan Cletus mai rabon madara, wanda ke da wata tsohuwar goɗiya mai suna Mabel.

"Zan ba ka," in ji Cletus yana sosa ƙeya, "amma bari in gaya maka halinta. Ka ga ƙafafunta..."

"Cletus, a bayan doki aka yaye ni."

"Kuma ba ta tafiya sai ta ji..."

"Malam, kai ka san madara, ni na san dawaki. Kawo linzami."

Cletus ya miƙa masa, ya ce shi ma zai zo kallo, kuma zai zo da wuri don ya samu bencin gaba.

Ranar Asabar Orval ya ɗura wa Mabel ruwa bokiti bayan bokiti, wai don muryarta ta washe, sannan ya ja ta suka nufi gidan rediyo, zakara a kwando, risho a kafaɗa. Abin da bai sani ba, goɗiyar ta haddace gidajen masu sayen madara fiye da yadda ya haddace sunan kakanninsa. Kowace ƙofa sai ta ja birki ta jira. Cletus na biye da su daga nesa, in ya ga abin ya yi tsawo sai ya ɗan kaɗa kwalabe biyu a aljihunsa, ta ci gaba, Orval ya yi zaton tsawarsa ce ta yi aiki. Mata suka riƙa leƙowa ta taga.

"Orval, yau kai ne mai madara? Ajiye mana biyu!"

"Ku dai ku kunna rediyo," yake ce musu, "yau za ku ji abin da kunnuwanku ba su taɓa ji ba."

Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Ɗakin da ake wasan babban zaure ne mai bencuna, inda mutanen gari ke zama su kalla su yi dariya a ji a rediyo. An shimfiɗe dandamalin da kafet mai kauri don kada a ji takun ƙafa. A gefe, kan ɗan tebur, an jingina buhun fulawar Halvorsen, fari tas, da hoton marigayi mijin Madam a jiki. Da Kessler ya ga an shigo da goɗiya ta ƙofar baya sai ya dafe bango. Lokaci ya ƙure, ba damar gardama. Orval ya ture akwatin Virgil da ƙafa, fallen kwanon ya zame ya kwanta a bayan dandamali, ya bar shi nan.

Aka ce ga motar Madam. Orval ya gyara wuyan riga ya fita baranda da sauri ya tarbe ta. Doguwar tsohuwa ce mai farar safar hannu, wadda duk gari ya san ta taɓa korar ma'aikaci saboda ya shigo injin niƙa da kare.

"Ranki ya daɗe, an keɓe miki kujera a gaba, inda za ki ga komai da idonki."

"Ban zo gani ba, Mista Pruitt. Masu sayen fulawata ba sa ganinku, jinku suke yi. Mista Kessler, akwai rediyo a ofishinka?"

Ta wuce ofis a can ƙarshen baranda ta rufe ƙofa. Orval ya tsaya baki buɗe. Lenora ta zo ta ɗaga masa haɓa da yatsa ɗaya.

"Rufe, kada ƙuda ya shiga. Gani ya kori ji, ko?"

Jar fitila ta kama, alamar duk yankin na sauraro. Kessler ya gabatar da shiri, mutane suka tafa. Lenora ta matso makirufo da takardunta.

"Orval, tashi, gari ya waye. Ba ka ji zakara ba?"

Orval ya buɗe kwando. Zakaran Opal ya dubi fitilu, ya dubi jama'a, ya cusa kai cikin fiffike. Orval ya girgiza kwandon. Ya tsikare shi da fensir. Shiru kake ji.

"Ban ji ba," ya ce cikin makirufo, gumi na tsattsafo masa.

"Ni ma ban ji ba," in ji Lenora, ba tare da ta dubi takarda ba. "Ya zauna da kai ya koyi barcin safe."

Zaure ya ɗauki dariya. Orval ya ji daɗi, a ransa ya ce ai ga shi nan abin ya fara kyau. Ya kunna risho, ya ɗora kasko, ya fasa ƙwai da irin yanga ta masu dafa abinci a otal. Ƙwan ya kwanta a kasko yana ɗan motsi, ko kusa da shi ba ka jin komai, balle a gonakin da ke bayan gari.

"Me kake soyawa haka shiru kamar mai satar ƙwan maƙwabta?" in ji Lenora.

Ya ƙara wuta. Ya jawo rishon kusa da makirufo. Ya sunkuya ya kasa kunne, takardun wasan da ke hannunsa suka leƙa cikin wutar. Kafin ya ankara shafukan sun kama.

"Wuta!" ya yi ihu.

"Ai da ita ake suya, maigida."

"Lenora, ta gaske!"

"Ba ita ka ce kana so ba?"

Ya wawuri butar ban ruwa ya juye ta duka a kan takardu da risho da takalmansa. Hayaƙi ya tashi, na bencin gaba suna tari suna dariya, Opal Dietz na ihu a kawar mata da zakara daga hayaƙi. Yanzu Orval ba shi da takarda, ba shi da ruwan saman da ya tanada, amma yana da Mabel, kuma a kanta ya ɗora duk begensa.

"To mu kama hanya," in ji Lenora. "Ina dokin?"

"Ga shi nan! Kasa kunne ki ji takun doki na asali!"

Ya ja linzami. Mabel ta tsaya kamar an dasa ta. Ya yi tsaki, ya yi fito, ya koma baya ya sa kafaɗa ya tura. Ta waiwayo ta dube shi da tausayi.

"Orval, dokin ne zai ja mu ko mu za mu ja shi?"

"Yana tunani ne."

"To gara shi."

A bencin gaba Cletus dariya ta ci ƙarfinsa, ya dafe ciki ya sunkuya, kwalaben aljihunsa suka gwaru. Mabel ta ɗaga kunne, ta taka. A nan ne Orval ya ga abin da Cletus ya so gaya masa: takalman roba ne a ƙafafunta, irin wanda ake sa wa dawakin madara don kada su tashi mutane da asuba. Roba a kan kafet. Ƙatuwar goɗiya ta ratsa dandamali daga wannan gefe zuwa wancan, ko kyanwa ta fi ta ƙara.

Kessler ya ga abin na neman lalacewa, ya yi wuf ya karɓe makirufo don karanta talla.

"Uwargida, in kina neman gari mai tsabta, wanda hannu bai taɓa ba, fari kamar..."

"Kukurukuuu!" in ji zakaran Opal, wanda sai yanzu gari ya waye masa.

"...fari kamar ƙanƙarar sabuwar..."

"Kukurukuuu!"

Ita kuwa Mabel tafiyarta ba ta banza ba ce. Ta isa tebur, ta shinshina buhun, ta kafa haƙora daidai gashin bakin marigayi Halvorsen, ta girgiza kai. Buhu ya yage. Fulawa ta tashi ta rufe Kessler tun daga kai har ƙafa, ta cika wa goɗiyar hanci. Mabel ta miƙa wuya kan makirufo ta yi atishawa, ta bi ta da haniniya mai tsawo wadda ta sa mai kula da na'ura ya cire abin kunnensa ya jefar.

Mutane har faɗowa suke daga benci. Orval ya rungume wuyan goɗiyar yana ja da baya, tana bin sa a hankali tana tauna, har ƙafafunta na baya suka sauka daga kafet. Lenora kaɗai ke tsaye a wurinta. Ta share fulawa daga gira, ta duba takarda, ta ga saura shafi ɗaya, ta karanta abin da ke ciki don ba ta da wata dabara.

"Orval, dubi sama. Ina jin hadari ya haɗu. Ruwa zai sauko."

Orval ya dubi butar da ba ko ɗigo a cikinta. Ya dubi Lenora.

A daidai nan bokitan ruwan da ya ɗura wa Mabel suka nemi hanya. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga wutsiya, daidai kan fallen kwanon Virgil. Ya fara da yayyafi, ya koma kamar da bakin ƙwarya, ya daɗe yana zuba, sannan ya lafa a hankali da 'yan ɗigo-ɗigo. Zauren ya yi tsit, kowa ya toshe baki da hula ko mayafi.

"Ka gani ko," in ji Lenora da murya mai sanyi, "na ce maka ka ɗauko laima."

Jar fitila ta mutu. Dariyar da ta fashe a zauren nan, an ce har a tashar jirgin ƙasa an ji ta.

Orval bai yi dariya ba. Ya dubi fulawar Madam a ƙasa ta zama kunu, ya dubi fuskar marigayi a yage, ya san in tsohuwar nan ta leƙo zauren, shirinsu ya mutu murus. Lenora ta ja hannunsa suka fita baranda, Kessler ya tsaya daga ciki ya tokare ƙofar dandamali da bayansa. Jama'a suka fito ta ɗaya ƙofar, amma ba wanda ya tafi gida. Suka yi cirko-cirko a baranda, don ga Madam Halvorsen ta fito daga ofis tana goge ido da hankici.

"Misis Pruitt," ta ce, "rabon da in yi dariya haka tun mijina na da rai. Ɗan ƙanwata ya je ya yi busarsa a wurin biki. Shirinku na nan."

Orval ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

"Amma akwai gyara. Wa ya yi ƙararrakin yau?"

"Ni ne, ranki ya daɗe," ya ce, ƙirjinsa ya fara kumbura.

"Na yi zato. Zakaran nan, ko yaron goye ya san mutum ne ya matse hanci. Dokin kuwa abin kunya ne. A gona na tashi, Mista Pruitt, na san haniniya. Wannan kukan tsohon da mura ta kama ne. Ka taɓa ganin doki kuwa?"

Maganar ta soki Orval har ƙashi. Ga goɗiya nan bayan ƙofa ɗaya, taku kaɗan, ya buɗe kawai tsohuwar nan ta haɗiye maganarta a gaban duk gari. Hannunsa har ya fara tafiya wajen mariƙin ƙofar. Sai ya dubi Lenora. Ba ta taka masa ƙafa ba, ba ta harare shi ba, kallonsa kawai take, da fulawa a gashinta. Ya tuna ita ce ta tsaya ta riƙe wasan nan shi yana ƙona shi, kuma ita ma ba ta da abin da take so kamarsa. Ya mayar da hannun aljihu.

"Gaskiyarki ne, ranki ya daɗe," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Da bakina na yi. Ban iya ba."

Wani a cikin jama'a ya yi tari. Cletus ya cusa hularsa a baki.

"To ka nemi doki na gaske ka saurara. Ga Cletus nan, yana da goɗiya, ya ara maka."

"Ko yanzu yake so, Madam," in ji Cletus ta cikin hula.

Madam ta gyara safar hannu ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

"Amma ruwan saman nan, kai! Har na leƙa taga in ga ko na bar gilashin mota a buɗe. Ban taɓa jin irinsa a rediyo ba. Shi ma kai ka yi?"

Idon Opal Dietz, da na Cletus, da na rabin garin Tolliver duk suna kan Orval.

"Ni na yi, ranki ya daɗe."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"To ka ga inda baiwarka take. Ina son sa kowane mako."

Ta fita, direba ya rufe mata ƙofa. Motar ba ta gama juyawa ba barandar ta kece. Opal ta zauna a ƙasa daɓas tana riƙe da zakaranta, Cletus na dukan bango, wani daga baya yana kiran "Mai ruwan sama! A taimaka mana, masararmu na bushewa!" Orval ya tsaya a tsakiya, kunnuwansa sun yi ja, takalmansa na tsiyayar ruwa.

Lenora ta saƙala hannunta cikin nasa a gaban kowa, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta karkaɗe masa toka daga kafaɗa.

"Yau kam ka burge ni, Orval," ta ce, kuma da gaske take. Suka taka zuwa ƙofa, sannan ta ƙara da cewa, "Sai dai ranar Asabar tun safe zan dafa maka kofi babbar tukunya, ka sha ka cika mara. Ka ji abin da Madam ta ce."